Na'urar Sauraron Littafi Mai Tsarki Mai Cajin Rana: Abin da Na Gani a Shekara Guda a Gidanmu a Zuru

Shekara guda ke nan da na sayo wa mahaifiyata wata 'yar ƙaramar na'ura mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma tun daga lokacin 'yan ikilisiyarmu, musamman matan zumunta da suka gan ta a hannun Mama, suke tare ni a ƙofar majami'a bayan sujada suna tambaya ko ta ci kuɗinta. Na daɗe ina ba su amsa a tsaitsaye, amma abin da na gani a gidana ya fi ƙarfin amsar bakin ƙofa, don haka na ga ya kamata in zauna in rubuta shi dalla-dalla, da alherin na'urar da kuma inda ta gaza, domin wanda zai cire kuɗinsa a wannan lokaci na tsadar rayuwa ya san abin da zai saya.

Mama ba ta yi makaranta ba. An yi mata baftisma tun kafin a haife ni, ta kuma shafe shekaru fiye da 40 a zumuntar mata, tana da Littafi Mai Tsarki nata na kanta wanda take naɗewa a cikin ɗankwali ta riƙe zuwa majami'a kowace Lahadi, sai dai wani ne yake buɗe mata wurin da ake karantawa. Lokacin da take ƙauye ta wajen Danko-Wasagu wannan bai dame ta sosai ba, domin mai bishara yana zagaya gidaje, jikoki kuma suna kewaye da ita, duk wanda ta kira zai zauna ya karanta mata. Da rashin tsaro ya tashi ƙauyen, muka dawo da ita wurinmu a cikin garin Zuru, sai ta zama baƙuwa a gidan da kowa yake fita da sassafe. Ni ina koyarwa a makarantar firamare, mai ɗakina tana da shagon ɗinki, yara suna makaranta. Wata rana na dawo da azahar na same ta zaune a inuwar zaure da littafin a buɗe a cinyarta, tana shafa takardar da tafin hannu, ba kowa a kusa da ita. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin abinci yadda na saba.

Na sami na'urar a wani ƙaramin shagon littattafan Kirista da ke kusa da kasuwa, inda ake sayar da littafin waƙoƙi da kalandar majami'a da katin baftisma. Mai shagon ya yi mini abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya yi: ya fasa kwalin a gabana, ya kunna, ya bar ni na danna kowane maɓalli, ya kuma kai ni Farawa da Zabura da Wahayin Yahaya domin in tabbata littafin cikakke ne, ba Sabon Alkawari kaɗai ba. Wannan gwajin yana da muhimmanci, saboda akwai irin waɗannan na'urori da ke ɗauke da littattafai 27 na Sabon Alkawari kawai, kuma daga waje ba ka iya bambanta su. Kuɗin da na biya bai kai na rabin buhun dawa ba a lokacin. Rasit na samu, amma babu wata takardar alkawarin gyara ko musanya, mai shagon kuma bai ɓoye mini hakan ba.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana shiga aljihun riga, Mama kuwa a bakin zane take ƙulle ta. A bayanta akwai farantin da ke karɓar hasken rana, a gefe kuma akwai ramin caji irin na waya da ramin abin saƙalawa a kunne. Ba ta da gilashin da ke nuna rubutu, maɓallai ne kawai masu tudu waɗanda yatsa yake ganewa ko a cikin duhu: na kunnawa da tsayarwa, na tsallakawa daga littafi zuwa littafi, na sura zuwa sura, na komawa baya kaɗan, da na ƙara murya ko ragewa. Cikin kwana 3 Mama ta haddace su. Idan aka kashe ta, tana tuna inda aka tsaya, washegari ta ɗora daga nan. Babban abin da na yaba shi ne ba a iya goge abin da ke cikinta, ba a kuma iya loda mata waƙoƙi ko wani abu dabam. Na taɓa sa wa Mama karatun Littafi Mai Tsarki a katin waya, bai yi mako biyu ba samarin gida suka ari wayar, katin ya dawo cike da kiɗa. Wannan na'urar aiki ɗaya ta sani, kuma saboda haka ba mai kwaɗayin ɗauke ta.

Muryar mai karatun a natse take, yana fitar da kowace kalma, ba ya gaggawa, ba ya kuma yin muryar wa'azi. Sai dai ranar farko Mama ta ɗaure fuska ta ce wannan ba littafinta ba ne. Dalilin shi ne na'urar tana ɗauke da fassarar 1979, ita kuwa ayoyin da ke kanta duk daga tsohuwar fassarar 1932 suke, wadda Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, wadda kuma ita ce karo na farko da aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa. A waccan fassarar ana cewa Matta da Yohanna da Misalai da Kubawar Shari'a, a wannan kuwa Matiyu da Yahaya da Karin Magana da Maimaitawar Shari'a. A can Yesu Kristi, a nan Yesu Almasihu. Duk wanda zai saya wa tsoho ko tsohuwa, ya zauna da su a kwanakin farko ya daidaita musu waɗannan sunaye, in ba haka ba za su ajiye ta da zaton wani littafi aka kawo musu. Da Mama ta saba, ita da kanta ta ce wannan Hausar ta fi shiga kunne, domin ta fi kusa da wadda ake yi a kasuwa da gida, kuma wasiƙun Bulus da a dā take jin su kamar ana magana a bayan katanga sun fara buɗe mata.

A farko ina ɗaukar na'urar a matsayin sandar makaho, wato abin taimako ga wanda bai iya karatu ba, mu masu ilimi kuwa ba ruwanmu da ita. Na canza wannan tunani, kuma Littafin da kansa ne ya canza mini shi. Yawancin mutanen da aka fara ba wa waɗannan littattafai da kunne suka karɓe su, ba da ido ba. A Nehemiya sura 8, Ezra ya tsaya a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa ya karanta Shari'a tun da safe har tsakar rana, maza da mata suna saurare, har jama'a suka fashe da kuka. Bulus ya umarci Kolosiyawa cewa in an gama karanta wasiƙarsa a cikinsu, a kai ta a karanta wa ikilisiyar Lawudikiya, ya kuma gaya wa Timoti ya lazimci karanta Nassi a gaban jama'a. Wahayin Yahaya ya buɗe da sa albarka ga mai karantawa da masu saurare. Rarraba littafin zuwa surori ma sai a ƙarni na 13 aka yi shi, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551. Saboda haka idan Mama ta zauna ta saurari wasiƙar Filibiyawa daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, tana jin ta ne yadda Filibiyawa suka ji ta, ni kuwa da nake tsinto aya ɗaya daga nan ɗaya daga can, na fi ta nisa da yadda aka yi nufin a karɓe ta. Da na fara zama kusa da ita da yamma, sai na riƙa jin abubuwa a surorin da na yi zaton na san su kamar yunwar cikina.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a lokacin girbi. Ina da 'yar gona a bayan gari, kuma na ɗauki samari 4 suka yanke mini dawa suka ɗaure, dukansu daga cikin waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu. Al'adata ta shekara da shekaru ita ce in ce wa 'yan ƙwadago su yi haƙuri sai an yi albashi, su kuma su ce, “Ba komai, Malam, Allah ya kai mu.” Ban taɓa hana kowa haƙƙinsa ba, kuma ban taɓa ganin jinkirin a matsayin laifi ba, tunda kowa haka yake yi. Kwana 9 da gama aikin, ina wanke hannu zan ci tuwon dare, sai na ji Mama ta tsayar da na'urar, ta danna maɓallin komawa baya, ta sake saurare, ta kuma sake dannawa. Sannan ta kira ni.

“Baban yara, zo ka zauna ka ji wannan.”

Yakubu sura 5 ce, inda ake cewa ladan ma'aikatan da suka girbe gonakinku, wanda kuka riƙe, yana kuka, kukan masu girbin kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Da ya gama, ta dube ni ta ce, “Yaran nan da suka yanke maka dawa, ka sallame su?” Na ce mata tukuna, sai ƙarshen wata. Na kuma shiga yi mata bayani irin na wanda ya koyar a makarantar Lahadi, cewa surar da masu arziki take magana, waɗanda suke zaluntar talakawa da gangan, ba malamin firamare mai jiran albashi ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Ɗana, a wurin wanda ya baro rumbunsa a daji, mai gona da albashi ai mai arziki ne.” Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta kunna na'urarta ta ci gaba.

Daren nan na ɗauko nawa littafin na takarda, na bi ƙananan ayoyin da ke gefen shafi, suka kai ni Littafin Firistoci 19:13, inda aka hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai aiki har safiya, da Maimaitawar Shari'a 24:14-15, inda aka ce a biya shi a ranar kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, zuciyarsa kuma tana kan kuɗin. Na karanta waɗannan wurare ba sau ɗaya ba a rayuwata, na ma taɓa amsa tambaya a kansu a gasar matasa, amma ban taɓa haɗa su da bakin gonata ba. Da gari ya waye na ɗora buhun masara a babur na kai kasuwa, na sayar a farashin da ban so ba, na bi samarin ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu na same shi a wani kango da suke fakewa, ya karɓi kuɗin da hannu biyu, ya ƙirga, bai ce mini komai ba sai ya juya ya kira matarsa ya ce ta goya yarinyar su tafi kemis. Kwana 3 ke nan yarinyar tana zazzaɓi. Har yanzu idan na tuna fuskar matar nan tana ɗaure zanen goyo, jikina yakan yi sanyi.

Wannan ne ma'aunin da nake auna na'urar da shi, ba ƙarar lasifika ko daɗewar batir ba. Yakubu ɗin nan a sura ta farko ya kwatanta mai jin Magana ba ya aikatawa da mutumin da ya dubi fuskarsa a madubi, ya tafi, nan da nan ya manta kamanninsa. Ubangijinmu kuma ya rufe Wa'azin Kan Dutse da magina biyu, a Matiyu sura 7, kuma dukansu biyu sun ji maganar. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya aikata, ɗaya bai aikata ba. Mu da muke ganin yadda ruwan Agusta yake kwantar da katangar ƙasa wadda ba a yi mata gindin dutse ba, ba ma bukatar dogon sharhi a kan wannan misali. Abin da na lura shi ne wa'azin Lahadi, komai kyawunsa, yana zuwa sau ɗaya a mako, a lokacin da mutum ya yi wanka ya sa fararen kaya, ba ya ciniki, ba ya fushi, ba kuma wanda yake binsa bashi a gabansa. Jarabar kuwa ranar Talata take zuwa, a bakin mudu da sikeli, a wurin rabon gado, a lokacin da kishi ya taso tsakanin matan 'yan'uwa. Maganar da ake ji kowace rana ita ce take tarar da mutum a tsakiyar waɗannan abubuwa, tun kafin ya gama yanke shawara. Shi ya sa Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ce a riƙa zancen umarnan Allah a zaune a gida, da tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Na'urar nan ta sa wannan ya yiwu a gidana a zahiri, domin tana magana yayin da Mama take ɓarar gyaɗa, tana magana yayin da mai ɗakina take tankaɗe, yara kuma suna ji ko ba su zauna da niyyar ji ba.

Yanzu sai in faɗi inda ta gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Mafi girman matsalar ita ce ba ta zuwa aya kai tsaye, mai karatun kuma ba ya ambaton lambar aya, sura kawai yake faɗa. Idan fasto ya ce a duba Zabura 119:105, sai ka saurari surar mai ayoyi 176 tun daga farko, kana ƙirgawa a zuciya. Kai wa ga littafin ma aiki ne, domin littattafai 66 ne a jere, kuma wanda yake Farawa yana son Romawa zai yi ta dannawa har yatsa ya gaji. Saboda haka ba ta da amfani a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki inda ake tsalle daga wannan wuri zuwa wancan, ba ta kuma da ayoyin gefen shafi irin waɗanda suka kai ni Maimaitawar Shari'a a daren da na ambata. Mutanen Biriya da aka yaba a Ayyukan Manzanni sura 17 suna bincika Nassi kowace rana don su ga ko abin da aka gaya musu haka yake, irin wannan binciken kuwa yana bukatar littafi a buɗe da fensir a hannu. Duk wanda ya iya karatu ya ajiye littafinsa saboda ya sayi wannan na'ura, ya yi asara.

Na biyu, ba ta amsa tambaya. Da Mama ta kai Littafin Mahukunta da wasu surorin Ezekiyel, ta rikice ƙwarai, kuma akwai labaran da ban so ƙananan yara su ji ba tare da babba a kusa ba. Ko a zamanin Ezra, Lawiyawa sun bi jama'a suna fassara musu ma'anar abin da aka karanta, Bahabashen nan na Ayyukan Manzanni sura 8 kuma ya gaya wa Filibus cewa ba yadda zai fahimta in ba wani ya bi da shi ba. Abin da muka yi a gida shi ne Mama takan riƙe tambayoyinta har dare, mu tattauna su a sujadar iyali, wadda ta fi ƙarfinmu kuma mu kai wa fasto. Ina ba da shawara kada sabon mai saurare ya fara daga Farawa ya miƙe. Ya fara da Markus mai surori 16, sannan Luka da Ayyukan Manzanni, ya haɗa da sura ɗaya ta Karin Magana kowace rana, tunda surorinta 31 ne, daidai da kwanakin wata. Wanda yake son gama littafin duka a shekara, surori 1,189 ne, wato 3 ko 4 a rana.

Cajin rana yana aiki sosai da bazara, yini ɗaya a kan katanga yana riƙe mu dare biyu ko uku. A watan Agusta da hadari yake rufe sama kwana da kwanaki, sai mun haɗa da cajin waya, da hunturu kuma ƙura takan rufe farantin, sai an riƙa goge shi da tsumma. Kada a bar ta a kan kwanon rufi da tsakar rana, domin ta taɓa yin zafin da na ji tsoron batirin zai kumbura. Lasifikar ta ishi mutum 8 zuwa 10 a tsakar gida, amma idan ruwa yana dukan kwano ba a jin komai, kuma ba za ta ishi taron zumunta ba. Babu mai gyaranta a gari. Masu gyaran waya biyu da na nuna wa sun ce in ta lalace sai dai a sayi wata. 'Yan'uwanmu Katolika su sani cewa littattafai 66 ne a ciki, ba 73 ba. Sannan Hausa ce kaɗai, babu C'lela, yaren mutanen wannan yanki, alhali akwai tsofaffi a ƙasar Zuru da Hausarsu ta ciniki ce kawai, harshen zuciyarsu dabam. Wannan ya dame ni, domin su ne suka fi kowa bukatar irin wannan abu.

Akwai wani haɗari kuma wanda ba laifin na'urar ba ne, amma dole in faɗe shi. Wata maƙwabciyarmu ta zo aro, ta ce tana so ta bar ta tana karanta Zabura 91 a bakin ƙofa har gari ya waye, domin tsari daga mugayen mutane. Na fahimci tsoronta sarai, kowa a wannan yanki ya san abin da ake nufi da kwana da kunne ɗaya a buɗe. Amma na roƙe ta ta zauna mu saurari Zaburar tare, mu yi addu'a da ita, maimakon a rataye ta kamar laya. Na tuna mata cewa wannan Zaburar ce Shaiɗan ya jawo wa Yesu a lokacin gwaji, a Matiyu sura 4, yana so ya mai da alkawarin Allah abin gwada Allah. Kakanninmu da suka karɓi bishara sun ƙone layu da guraye, bai kamata mu mai da Maganar Allah sabon guru mai batir ba. Ta zauna, muka saurara, ta yi kuka, kuma tun daga ranar takan zo da yamma sau biyu ko uku a mako.

Ba kowace sura ce take sauka da sauƙi ba. Ranar da Mama ta ji Matiyu sura 5, inda aka ce mu ƙaunaci maƙiyanmu mu yi wa masu tsananta mana addu'a, ta kashe na'urar ta tura ta ƙarƙashin filo, kwana 4 ba ta taɓa ta ba. Ta san ayar tun tana budurwa, amma a dā ba ta da maƙiyin da ya ƙone mata rumbu ya kore mata shanu. Ban matsa mata ba, domin ni ma ba ni da bakin magana. A rana ta biyar ta ɗauko ta da kanta. Yanzu a addu'ar safe takan roƙi Allah ya juyo da zukatan mutanen daji, muryarta tana rawa, wata rana kuma takan tsallake wurin. Ba zan ce ta gama yafewa ba, ita ma ba ta ce ba, amma tana kokawa da maganar, kuma ba don tana jin ta a kai a kai ba, da ta binne ta ta huta. Wani ƙaramin abu kuma da na gani: katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke zaman mutunci da su shekara da shekaru, kuma da zarar an kira salla Mama takan rage murya ba tare da kowa ya gaya mata ba. Da jikarta ta tambaye ta dalili, ta ce ta ji a Romawa an ce mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa.

Ga wanda yake da tsoho a gida, ko mai ciwon ido, ko wanda bai samu zuwa makaranta ba, ina cewa ya saya ba tare da jinkiri ba, ko da zai haɗa kuɗin a hankali. Manomi da mai kiwo da mai ɗinki, waɗanda hannunsu yake aiki kunnensu yana zaune, su ma za su more ta. Ƙungiyoyin zumunta za su iya yin karo-karo su sayi ɗaya ta riƙa zagaya gidajen gwauraye da marasa lafiya. Ɗalibi da malamin makarantar Lahadi da mai wa'azi kuwa, su ɗauke ta a matsayin ƙari a kan littafinsu, kada ta maye gurbinsa. Kafin a biya kuɗi a tabbata an ji Tsohon Alkawari da Sabo, a tambayi wace fassara ce a ciki, a gwada ramin caji a nan cikin shago, a kuma karɓi rasit.

Tamu ta faɗi ƙasa sau biyu, ta tsage kaɗan a gefe, mun ɗaure da salatif, tana nan tana aiki. Batirin ya fara raguwa, yanzu dare ɗaya da rabi yake yi maimakon uku. Alamar da ke kan maɓallin komawa baya ta goge gaba ɗaya saboda yawan dannawa, sauran kuwa suna nan kamar sababbi. Mama ta gama Sabon Alkawari sau biyu, yanzu tana tsakiyar Ayuba, kuma ta riga ta gaya mini cewa idan hanya ta yi kyau aka koma ƙauye, sai na sayo ta biyu, domin ba za ta bar wa jikokinta gida shiru ba, ba kuma za ta tafi ba tare da tata ba.